Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tsagewar Uwar Jijiya da Awon Tsamin Jini

 A wannan fili na kiwon lafiya da noma mun saba magana a kan cututtukan da kowa ya sani, kamar zazzaɓin cizon sauro da zawo da ƙyanda. Yau mun ɗauko wata cuta wadda ba kowa ya san sunanta ba. Ba ta da yawa cikin jama'a, amma tana iya ɗauke magidanci yana cikin ƙarfinsa, tsakanin hantsi da azahar. Sai a ce ya faɗi farat ɗaya, ko a ce jifa aka yi masa.

Cutar ita ce tsagewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. Za mu bayyana yadda take faruwa, da aikin fiɗa da ake yi don ceton mai ita. Za mu kuma bayyana wani awon jini da likitoci ke dubawa don su gane ko wanda aka yi wa aikin yana kan hanyar tashi, ko kuwa yana cikin haɗari. A ƙarshe za mu faɗi abin da ke hannunmu, mu mutanen karkara.

Uwar jijiya

Duk wanda ya taɓa ganin filin noman rani na Jiratawa ko na Birnin Ƙonni ya san tsarin ban ruwa. Akwai babbar hanyar ruwa guda. Daga gare ta ƙananan hanyoyi suke rabuwa, kowace ta nufi fangalinta. Haka jikin ɗan Adam yake. Zuciya ita ce injin. Jini shi ne ruwan. Babbar hanyar kuwa ita ce jijiyar da likitoci ke kira awort. Mu za mu kira ta uwar jijiya.

Uwar jijiya tana fita daga gefen hagu na zuciya. Ta hau sama kaɗan, ta lanƙwasa kamar kan sanda, sannan ta gangara ta gaban ƙashin baya. Daidai cibiya take rabuwa biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa guda. Faɗinta santimita 2 zuwa 3 ne, kamar tiyon ban ruwa. A kan hanyarta tana ba da rassa zuwa ga zuciya kanta, da ƙwaƙwalwa, da hannuwa, da laka, da hanta, da hanji, da ƙoda.

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kamar lita 5. Zuciya tana bugawa kusan sau 100.000 a kwana guda. Jinin da take turawa cikin uwar jijiya a kwana ya wuce lita 7.000, wato kamar tano 35 mai lita 200. Wannan aiki ba ya tsayawa dare da rana, tun daga ciki har kabari.

Yadda take tsagewa

Bangon uwar jijiya ɓawo uku ne a manne. Na ciki sumul yake, siriri. Na tsakiya shi ne mai kauri, yana miƙewa kamar roba. Na waje kuma shi ke riƙe da sauran.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ɓawon ciki ya tsage, jini yakan kutsa da ƙarfi cikin bangon. Sai ya riƙa ɓamɓare ɓawon yana bin tsawon jijiyar. Ta haka yake buɗe wa kansa wata hanya ta ƙarya kusa da ta gaskiya. Daga nan ɓarna iri uku ke iya biyowa.

Ta farko, ɓawon waje ya fashe. In fashewar ta faru kusa da zuciya, jini yakan cika jakar da zuciya ke ciki, ya matse ta har ta kasa bugawa.

Ta biyu, ɓawon da ya ɓamɓare ya toshe bakin wani reshe. Gaɓar da reshen ke shayarwa sai ta rasa jini, kamar fangalin da aka datse wa ruwa. Wannan yakan sami kamar mutum 1 cikin 4.

Ta uku, ƙyauren da ke bakin zuciya ya lalace, jini ya riƙa komawa baya.

A shekarar 1970 likitocin jami'ar Stanford ta Amurka suka raba cutar gida biyu. In tsagewar ta taɓa sashen da ke hawa daga zuciya, ana kiranta nau'in A. Wannan ita ce mafi haɗari, kuma aikin fiɗa na gaggawa take bukata. In ta tsaya a sashen da ke gangarawa, ana kiranta nau'in B. Sau da yawa magani yakan riƙe wannan, sai fa in ta toshe wani reshe ko ta yi shirin fashewa.

Cutar ba ta bar sarakuna ba. A shekarar 1760 sarkin Ingila Joji na 2 ya faɗi da safe a fadarsa, ya rasu nan take. Likitansa Frank Nicholls ya buɗe gawar. Ya tarar da tsaga a uwar jijiya, jini ya shiga cikin bangonta, jakar zuciya kuma cike da jini.

Wa take kamawa?

Cikin mutum 100.000, tana kama kamar 3 zuwa 6 a shekara. Cikin masu ita, 2 cikin 3 maza ne. Mafi yawansu sun wuce shekara 50. Babban dalilinta shi ne hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo. Kamar 3 cikin 4 na masu cutar suna da tansiyo tun kafin ta same su. Tiyon da aka matsa wa ruwa fiye da ƙarfinsa shekara da shekaru, wata rana zai tsage.

Akwai kuma gado. Wasu ana haifar su da bangon jijiya mai rauni. Misali shi ne ciwon da ake kira da sunan Marfan, likitan yara na birnin Paris wanda ya bayyana shi a 1896. Masu shi sukan yi tsawo sosai, da dogayen hannuwa da yatsu, da raunin gani. Su cutar takan same su tun suna samari. Mace mai irin wannan rauni tana cikin haɗari a watannin ƙarshe na ciki da kwanakin jego. Shan taba ma yana lalata bangon jijiya.

Alamomin da za mu lura da su

Babbar alama ita ce ciwo mai tsanani a ƙirji ko a baya, tsakanin kafaɗu. Yakan zo farat ɗaya. Tun farkon zuwansa yake da cikakken ƙarfinsa. Wasu sukan ce kamar an caka musu wuƙa, wasu kamar ana keta wani abu a cikinsu. Ciwon yakan iya tafiya, daga ƙirji ya koma baya, daga baya ya gangara ciki.

Wasu alamomin sun dogara ga reshen da ya toshe. Mutum ya suma, ko gefen jikinsa ya mutu, ko magana ta gagare shi. Ƙafa guda ta yi sanyi ta mutu. Ciki ya ɗau ciwo mai tsanani. Fitsari ya ɗauke. In malamin asibiti ya auna tansiyo a hannu biyu, yakan iya tarar da bambanci mai yawa tsakaninsu.

Abin da ke tabbatar da cutar shi ne hoton na'urar sikana, wadda ake samu a manyan asibitocin birane. Lokaci yana da tsada ƙwarai. Likitoci sun daɗe da lissafa cewa a nau'in A, in ba a yi aiki ba, kowace awa tana tafiya da mutum 1 ko 2 cikin 100 a kwanakin farko. Kafin kwana 2 su cika, kusan rabi sun rasu.

Aikin fiɗa

Da zarar an gane cutar, likita yakan sa magani ta jijiya don ya kashe zafin ciwo, ya rage gudun zuciya zuwa bugu 60 a minti, ya kuma sauke tansiyo. Manufa ita ce a rage ƙarfin jinin da ke dukan bangon.

A nau'in A sai a buɗe ƙirji. A haɗa majinyaci da wani inji wanda ke yin aikin zuciya da na huhu na ɗan lokaci. An fara aiki da irin wannan inji cikin nasara a 1953, a hannun likita John Gibbon na Amurka. Sau da yawa akan sanyaya jikin majinyaci, daga zafin digiri 37 zuwa tsakanin 18 da 28. Jiki mai sanyi ba ya cin iska da yawa. Sannan a tsayar da gudun jini na wasu mintoci, a yanke sashen da ya tsage, a ɗinka tiyon wani yadi mai ƙarfi a madadinsa. Aikin yakan ɗauki awowi da yawa.

Likita Michael DeBakey da abokan aikinsa su ne suka fara cin nasarar gyara wannan tsaga, a birnin Houston na Amurka, a 1954. Tiyon yadi na farko da ya yi amfani da shi, da keken ɗinkin matarsa ya ɗinka shi. A ƙarshen shekarar 2005, yana da shekara 97, cutar ta kama shi shi ma. Likitocin da ya koyar suka yi masa aiki a 2006, ya tashi. Ya rayu har 2008.

Tun 1996 manyan asibitoci na ƙasashe da yawa suke tara labarin masu wannan cuta a kundi guda. Rahoton da suka fitar a 2015 ya nuna ci gaba. A nau'in A, waɗanda ke rasuwa a asibiti bayan aiki sun ragu daga 25 cikin 100 zuwa 18. Waɗanda ba a yi wa aiki ba kuwa, 57 cikin 100 suke rasuwa. Ke nan aikin yana ceto, amma har yanzu kusan mutum 1 cikin 5 ba ya fita. Shi ya sa likitoci ke neman alamar da za ta nuna musu, tun da wuri, wanda ke cikin haɗari. Ɗaya daga cikin alamomin nan ita ce tsamin jini.

Mene ne tsamin jini?

Kowace mace mai sayar da fura ta san yadda madara ke zama nono. A bar ta ta kwana a ƙwarya, zaƙinta ya koma tsami. A shekarar 1780 wani masani na ƙasar Suwed, Carl Scheele, ya ware wannan tsami daga nono. Daga sunan madara aka ba shi suna. Likitoci suna kiransa laktat.

Jikinmu ma yana yin laktat kullum. Ga yadda abin yake. Hatsin da muke ci yana zama sukari cikin jini. Gaɓoɓi suna ƙona sukarin da iskar oksijen, wadda jini ke ɗaukowa daga huhu. Ta haka muke samun ƙarfi. Mu tuna da murhu. In iska tana shiga sosai, icce yakan ci da kyau, hayaƙi kaɗan. In iska ta yi kaɗan, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki. Haka gaɓar da ba ta samun isasshen jini: ƙonawarta ba ta cika, sai laktat ya yi yawa. Laktat kamar hayaƙin jiki ne.

Hanta ita ce ke kwashe mafi yawansa, ƙoda ta taimaka mata. Hanta takan mayar da shi sukari a sake amfani da shi. Wasu masana biyu, mata da miji, Carl da Gerty Cori, su ne suka bayyana wannan kewaye. An ba su kyautar Nobel a 1947.

Ana auna laktat da ɗigon jini kaɗan, na'ura ta ba da amsa cikin mintoci. Ma'auninsa shi ne milimol a kowace lita. Ga mai lafiya da ke hutawa, lambar ba ta kai 2. In ta wuce 2, likita ya buɗe ido. In ta wuce 4 ga majinyaci, abin ya yi tsanani.

Hawan laktat ba kullum yake nufin cuta ba. Ɗan kokowa da ya gama karawa mai zafi a fili, laktat ɗinsa yakan iya wuce 10. Amma zuciyarsa da hantarsa lafiya lau suke. Ya zauna ya huta kamar awa guda, lambar ta sauko. Majinyacin da ke kwance bai motsa ba, amma laktat ɗinsa yana hawa, shi ne abin tsoro. Ruwa ba ya tsami banza.

An daɗe da lura da haka. A 1843 wani likitan Jamus, Johann Scherer, ya sami wannan tsami a jinin mace da zazzaɓin jego ya kashe. A 1964 likitoci Broder da Weil na Amurka suka nuna cewa ga majinyata da gudun jininsu ya faɗi, yadda laktat ya yi yawa haka samun tashi ke raguwa.

Abin da awon ke faɗa kafin aiki

Sa'ad da aka kawo mai tsagewar uwar jijiya, akan ɗebi jininsa tun a ƙofa. In laktat bai hau ba, alama ce gaɓoɓinsa suna samun jini har yanzu. In ya hau, likita ya san ɗayan biyu ne: ko zuciya ta kasa turawa, ko an datse wa wata gaɓa jini. Binciken asibitoci da yawa ya nuna abu guda. Waɗanda suka iso da laktat mai yawa sun fi rasuwa bayan aiki, kuma sun fi samun lalacewar ƙoda.

Toshewar da ta fi muni ita ce ta hanji. Hanji ba ya jure rashin jini fiye da ƴan awowi. Fiye da rabin waɗanda abin ya samu ba sa tashi. A wasu asibitoci, in aka ga haka kuma jijiyar ba ta fashe ba, akan fara buɗe hanyar hanji tukuna, ta hanyar zura siririn tiyo daga jijiyar cinya. Bayan haka a buɗe ƙirji. Ke nan awon yana iya taimaka wa likita ya san aikin da zai fara da shi.

Abin da awon ke faɗa bayan aiki

Bayan aiki, kusan kowa laktat ɗinsa yakan hau. Dalili a fili yake. An sanyaya jiki, an tsayar da jini, hanta ta yi sanyi ta rage aiki. Sa'ad da jini ya dawo, yakan kwaso laktat da ya taru a gaɓoɓi. Saboda haka lamba guda ba ta isa. A ɗakin farfaɗowa akan maimaita awon bayan ƴan awowi, dare da rana. Abin da likita ke kallo shi ne inda lambar ta nufa.

Mu yi misali da mutum biyu da aka fito da su daga ɗakin aiki rana guda. Kowanensu laktat ɗinsa 6. Bayan awa 6, na farko ya sauko 4. Da gari ya waye ya koma 2. Ƙafafunsa sun yi ɗumi, fitsari yana zuwa. Wannan yana kan hanya. Na biyu kuwa, bayan awa 6 lambarsa ta zama 8, sannan 10. Ƙafafunsa da sanyi, fitsari ya ɗauke. Dukansu daga 6 suka tashi, amma labarinsu ya bambanta. Binciken likitoci ya nuna cewa waɗanda laktat ɗinsu ya sauko cikin yini da kwanan farko sun fi samun tashi. Waɗanda nasu ya ƙi sauka, ko ya ƙara hawa, su ne suka fi rasuwa.

In lambar ta ƙi sauka, likita ba ya naɗe hannu. Yakan bi sawu. Ko jini yana zuba a ɗinki? Sai a ƙara jini, ko a koma ɗakin aiki. Ko jini ya taru ya matse zuciya? Sai a buɗe a kwashe. Ko zuciya ta gaji? Sai a sa maganin ƙarfafa ta. Ko hanji ko ƙafa ba su samun jini? Sai a yi hoto a buɗe hanyar. Ko ƙoda ta tsaya? Sai a haɗa shi da injin wankin jini. Ba hayaƙin ake yi wa magani ba. Murhun ake gyarawa.

Awo ba duba ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka likita yana sanin ranar mutuwar mutum. Ajali yana hannun Allah. Awon laktat kamar hadari ne a gabas. Manomi ya ga hadari ya haɗu, ya ce yau da alamar ruwa, ya kwashe shanyarsa. Sau da yawa ruwan ya zo. Wani lokaci iska ta watsa shi. Lambar tana faɗin abin da ya fi faruwa cikin mutum 100. Ba ta yanke hukunci a kan mutum guda. Akwai masu lamba mai yawa da suka tashi suka koma gida.

Awon kuma yana iya ruɗarwa. Maganin ƙarfafa zuciya da ake kira adrenalin yana ɗaga laktat, ko da gaɓoɓi suna samun jini. Sukari mai yawa cikin jini yana ɗaga shi. Hanta mai ciwo ba ta kwashe shi da sauri. Wani lokaci kuma hanji ya fara lalacewa, amma lambar ba ta hau ba tukuna. Don haka likita yakan haɗa awon da sauran alamomi: tansiyo, fitsari, ɗumin ƙafafu, hankalin majinyaci, shekarunsa da hoton sikana.

In likita ya ce wa dangi tsamin jinin ɗan uwansu yana sauka, labari ne mai daɗi. In ya ce ya ƙi sauka, yana shirya zukatansu ne, kuma yana gaya musu cewa ana neman dalili. Dangi suna da haƙƙin tambaya, cikin ladabi, a yi musu bayani da harshen da suke ji.

Wannan tsami yana cikin gidajenmu

Wani zai ce wannan magana ta mutanen birni ce. To, ga abin da ya shafe mu. Da damina, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani yakan riƙa jan dogon numfashi, mai zurfi, kamar wanda ya yi gudu. Tsamin jini ne ya taru, jiki yana ƙoƙarin rage shi ta numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa laktat da ya kai 5 cikin alamomin zazzaɓi mai tsanani. Haka macen da ta zubar da jini da yawa bayan haihuwa, ko yaron da zawo ya tsotse. Ba ma bukatar na'ura kafin mu gane su. Dogon numfashi, sanyin hannu da ƙafa, ɗaukewar fitsari, gushewar hankali: duk wanda ya nuna su, a kai shi likita nan take.

Abin da ke hannunmu

Gaskiya ɗaya ce. Asibitocin da ke iya wannan aikin fiɗa kaɗan ne a Afirka, kuma kuɗinsa yana da yawa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya wuce kilomita 600. Daga Damagaram kusan 900 ne. Cutar da ke ƙidaya awowi ba ta jiran doguwar hanya. Saboda haka rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana kusa da mu.

1. Mu auna tansiyo. Ba ya ciwo, ba ya ɗaukar minti 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum 1 cikin 3 yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. In awo ya kai 140 bisa 90, wato 14 bisa 9 yadda malaman asibitinmu ke faɗa, kuma aka maimaita wata rana aka sami haka, to tansiyo ne.

2. Wanda aka rubuta wa magani ya sha kullum. Kada ya bari don ya ji sauƙi. Maganin yana riƙe tansiyo ne, ba ya kawar da shi. Kada a sayi ƙwaya a bakin kasuwa.

3. Mu rage gishiri. Gram 5 a rana ya ishi babban mutum, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen miya da kanwa su ma suna cikin lissafi. Mai jego ta yi hattara da yawan kunun kanwa.

4. Mu bar taba.

5. In a gida an taɓa samun mai wannan cuta, ko matashin da ya faɗi ya rasu farat ɗaya, iyayensa da ƴan uwansa da ƴaƴansa su gaya wa likita, a duba su.

6. In ciwon ƙirji ko na baya ya sauko wa mutum farat ɗaya da tsanani, a kwantar da shi, a nemi mota. Kada ya yi tafiya da ƙafa. Kada a tsaya yin ƙaho ko sakiya ko jiƙo. Kada a ba shi abinci. Kada a ba shi asfirin sai da izinin likita, domin yana hana jini daskarewa. A gaya wa malamin asibiti lokacin da ciwon ya fara da inda ya bi.

7. Wanda Allah ya tashe shi daga wannan cuta ya riƙe maganinsa har ƙarshen rai, ya koma hoto a ranakun da aka sa masa, ya kuma bar ɗaukar kaya masu nauyi kamar buhun hatsi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

Ɓawo nawa ne a bangon uwar jijiya? Me ya sa laktat na ɗan kokowa ke sauka, na majinyaci kuwa ya ƙi? Cikin ajinmu, mutum nawa suka auna tansiyo a bana?

Muna roƙon kowane malamin aji ya karanta wannan shafi tare da ɗalibansa. Sannan su sa rana guda, su je gidan likita mafi kusa, kowa a ɗaura masa ma'auni a hannu, ya rubuta lambarsa da kansa a littafinsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da damina mai albarka. Amin.